Ƙwaryar Gwaggo Dije a Ƙasar Sanyi

Ba zan tsaya kan yadda na bar Filinge ba, ko kan zirga-zirgar neman biza a Yamai. Duk wanda ya taɓa fita ya san wannan. Zan fara ne daga babbar tashar jirgin ƙasa a Faransa, inda na tsaya da jakata a gaban na'urar sayar da tikiti, ina danna ta tana tambayata abubuwan da ban gane ba. Faransanci na iya shi, da shi na yi karatu tun daga lakwal har jami'a, amma ranar nan sai ka ce an toshe mini kunne.

Wani mutum ya matso, baƙi kamar ni, da riga mai tsabta. Ya ce, "Ɗan'uwa, sabon zuwa ne?" Na ce i. Ya karɓi kuɗina, ya danna nan ya danna can da sauri, ya miƙo mini tikiti, har ya raka ni bakin jirgi. Na yi masa godiya sosai. Sai da muka yi nisa mai duba tikiti ta zo, ta juya takardar, ta ce wannan tun jiya aka yi tafiya da ita. Mutanen da ke kusa duk suka ɗago kai. Na miƙe tsaye ina bayani, ina zaro fasfo alhali ba ta tambaye ni ba. A ƙarshe ta sayar mini da wani tikitin ta wuce. Ba zan ce duk mutanen tashar haka suke ba, mutum ɗaya ne na gamu da shi. Amma tun daga nan tsoro ya shige ni, kuma ina jin bai sake ni ba sai da na dawo gida.

Ga abin da ya kai ni. Sunana Isufu. Tun ina ɗalibi nake aiki da fasassun ƙorai. In na zo hutu sai in bi kasuwar Filinge da ta Bonkuku ina tsintar waɗanda mata suka yar, in huda su da basilla, in ɗinka su da kaba a kan katako har su ba da wata siffa. Mutanen gida suna ce mini gyartan da ba ya gyara komai. Wata mata, Madam Kilar, mai wani ɗan gidan nuna zane a wani gari na arewacin Faransa, ta ga hotunan aikin ta gayyace ni tare da wasu masu zane. Ta ce in warware tsofaffin ayyukana, waɗanda suka daɗe a jingine har rana ta cinye launinsu, in sake haɗa su su zama babban aiki guda a bangonta. Kuma tun da ba ta da ma'aikata da yawa, zan taimaka wajen rataye ayyukan sauran.

Da na baje gutsattsarin a tsakar gida sai na ga duk matattun ƙorai ne. Ina son guda ɗaya mai rai a tsakiya, wadda har yanzu ake aiki da ita. Kuma na san wadda nake so.

Gwaggo Dije yayar mahaifina ce. Ta auri makiyayi, tana zaune a ruga kusa da Sanam. Ƙwaryar tatsarta ta gaje ta ne daga uwar mijinta. Ta yi duhu saboda hayaƙi da man shanu, bakinta ya yi sulɓi saboda hannu, kuma ko tsagu ɗaya babu a jikinta. Tun da na shiga lakwal Gwaggo take kirana Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci, don tsokana.

"Mi za ka yi da ita, Mushe?"

"Nuna ta za a yi, Gwaggo. A sa ta bango mutane su gani."

"Su ba su da ƙorai can?"

"Ba irin wagga ba."

"To su gani su yi mi? Da ido za su sha nono?"

Na yi ta zuwa ina komowa kafin ta yarda. Ranar da ta yarda ta nuna mini wata jar saniya da baki. "Ka ga Saye? Ciki gare ta. Cikin wagga ƙwarya anka tatsi uwarta, anka tatsi kakarta. In ta haihu ba ni tatsa tata cikin roba. Ka maido min abata kamin nan, lahiya lau. Ba a wanke ta da sabulu, ba a aje ta bisa ƙasa." Ta shiga bukka ta daɗe, ta fito da ita a rufe da faifai, ɗaure tam cikin tsohon zane. Ta ce, "Kak ka kwance sai ka isa."

Ni mutum ne mai sake duba abu har ya gajiyar da mutane. Kowane guntun ƙwarya da ya shiga akwatin katakon nan na goge shi, na shanya shi, na leƙa bayansa. Ƙullin Gwaggo kaɗai ban taɓa ba, don ta ce kada in kwance. Na ji yana da ɗan nauyi, na ce wataƙila tsumma ta cusa don kada ta fashe. Akwatin ya riga ni tashi da makonni, ya je ya zauna a wani ɗakin ajiya yana jira.

Garin da na sauka ƙarami ne, gidajensa na jan bulo, kuma ban ga rana sosai ba duk zamana. Madam Kilar ta tarbe ni da fara'a, amma mace ce mai magana tana tafiya. Ta ba ni wani ɗaki a saman gidan, ta haɗa ni da Tiyeri, wanda shi ke kula da rataye kaya. Dogo ne, mai furfura, ba ya gaisuwa fiye da kalma ɗaya. Na ɗauka haushina yake ji. Daga baya na ga haka yake yi wa kowa.

Akwatina bai iso daga ɗakin ajiya ba, don haka na fara da aikin wasu. Muka shafe bango da farin fenti. Muka ɗauki manyan hotuna da farar safar hannu, Tiyeri yana cewa, "Daga ƙasa! Ba a kama shi ta sama!" Akwai wasu tsofaffin sassaƙe-sassaƙe na itace da wani attajiri ya ba da aro, waɗanda ko numfashi Tiyeri ba ya son a yi kusa da su. Duk lokacin da na ɗauki abu sai in ga kamar ya riga ya suɓuce. Ba wanda ya zage ni, gaskiya, amma kullum ina jiran ranar da zan yi ɓarnar da za ta sa a kira 'yan sanda.

Abinci burodi ne da cuku. Na yi kewar fura har na fara jin ƙamshinta a inda babu ita. Wata rana da azahar ina neman inda zan sayi shinkafa sai na ji ƙamshin daddawa daga wani kanti, na kuma ji wata mata a ciki tana yi wa wani faɗa a waya da Zabarmanci. Na tsaya a bakin ƙofa kamar maraya. Da ta ajiye wayar na gaishe ta da Zabarmanci, na ce, "Fofo."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Wannan fofo ta Bahaushe ce. Daga ina?"

"Filinge, ƙasar Kurfai."

"Kai! Ɗan Kurfai a nan? Wa ya sato ka? Shigo, kana sa min sanyi cikin kanti."

Sunanta Hamsatu, na riƙa ce mata Tanti. Ta daɗe a ƙasar, tana sayar da kayan miya da kifi da gari. Ranar nan ta zuba mini dambu a bayan kanti, ta tsaya a kaina har na cinye. Ta ce na yi kama da akuyar da ruwa ya doka.

Da akwatin ya iso muka buɗe shi a tsakiyar babban ɗakin, ni da Tiyeri, Madam Kilar tana ɗaukar hoto. Gutsattsarin suka fito lafiya. Na bar ƙullin Gwaggo sai ƙarshe. Na ɗora shi a kan tebur don kada ya taɓa ƙasa, na yi bisimilla, na kwance zanen, na ɗaga faifai.

Gero ne a ciki, kusan rabin ƙwarya. Kuma geron yana motsi.

Na san dalili nan take, har na ji kunyar rashin tunawa da wuri. A wurinmu ƙwarya ba ta fita daga gida wofi. Ko maƙwabciya ce ta aro ta, sai an jefa wani abu a ciki, balle wadda za ta ƙetare teku. Gwaggo ta yi abin da ya kamata ne. Amma geron ya yi makonni a rufe cikin ɗumi, ƙwarin hatsi sun haihu sun cika shi, 'yan ƙanana baƙaƙe. Suna jin iska suka fara hawowa baki suna gangarowa kan farin tebur.

Ban taɓa jin Tiyeri ya ɗaga murya ba sai ranar. "Rufe! Rufe shi!" Ya fizge wata babbar leda ya kifa a kai, ya kama take na ƙasa da takalmi, yana waiwayen sassaƙen attajirin nan. Madam Kilar ta dafe kai. Na ce, "Waɗannan hatsi kawai suke ci, ina jin ba sa cin itace." Tiyeri ya ce, "Kana ji, ko ka tabbata?" Gaskiya ban tabbata ba.

Ya ce abu biyu ne. Ko dai duk abin da ya fito daga akwatin nan a fitar da shi a kai inda ake ƙona shara, ko kuma a rufe shi a leda a sa shi cikin firji mai tsananin sanyi har ƙwarin da ƙwansu su mutu. In ba haka ba zai kira mai sassaƙen ya zo ya kwashe kayansa, shi ke nan baje kolin ya rushe. Na tambaye shi ko sanyin zai iya fasa ƙwarya. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Mai yiwuwa. Wuta dai tabbas za ta cinye ta."

Geron kuwa ba a ma yi shawara da ni ba. Ya juye shi a leda ya ɗaure ya fita da shi.

Gidan ba shi da firji mai girman da ake so. Madam Kilar ta yi ta buga waya ba a dace ba. Ni ne na tuna da na Tanti Hamsatu, wanda mutum zai iya kwanciya a ciki. Na je ina inda-inda, ina tsammanin za ta kore ni, don wa zai yarda a kawo masa ƙwari cikin kantin abinci? Ta saurare ni har ƙarshe, sai ta fashe da dariya har da hawaye.

"Tsohuwa ta yi maka guzuri, Nasara sun ga annoba! Kawo. Amma ka naɗe min shi da kyau, in ƙwaro ɗaya ya shiga garina kai zan sa cikin firjin."

Haka ƙwaryar tatsar Gwaggo Dije ta kwanta kwana da kwanaki tsakanin daskararren kifi da kaji, ita da ko warin kifi ba a kai wa kusa da nononta. Kowace safiya sai na je na ɗaga murfin na leƙa ta cikin leda. Tanti ta ce in na ƙara buɗe mata firji za ta fara karɓar kuɗin kallo.

A cikin kwanakin nan na kira gida ta wayar ɗiyar Gwaggo. Na shirya abin da zan ce, na maimaita shi a raina. Muryar tana zuwa tana yankewa.

"Mushe! Kana cin abinci?"

"Ina ci, Gwaggo."

"Abata hwa? Tana lahiya?"

"Tana... tana wuri mai sanyi, Gwaggo. An adana ta."

"Madalla. Saye ta yi nauyi, nononta ya hwara sauka. Kak ka daɗe."

Na ce to. Ban yi ƙarya ba, amma bayan na ajiye wayar sai da na zauna a bakin titi.

Da Tiyeri ya ce lokaci ya yi, muka fito da kayan, muka bar su a cikin ledarsu su huce a hankali. Ƙwarin sun mutu. Na kwance ƙwaryar ina addu'a, na juya ta ta kowane gefe a gaban taga. Lafiya lau. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji, na ma yi wa Tiyeri dariya, shi ma ya ɗan motsa baki.

Na shiga aikina. Na warware tsofaffin ɗinki, na jera gutsattsarin a bango suna zagaye kamar yadda shanu ke kwanciya a ruga, na bar gurbi a tsakiya. Tiyeri ya ƙera wani ɗan ƙarfe mai laushin baki da zai riƙe ƙwaryar ba tare da an huda ta ba. Muka ɗora ta, ya kunna fitilu ya karkato su kanta. Ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ana gobe-jibi za a buɗe.

Washegari da hantsi ina kan tsani a ɗaya ɓangaren, ina riƙe da hoton wani, ɗakin ya yi tsit. Sai na ji ƙas. Ƙara ce 'yar ƙarama, kamar an taka busasshen kara. Duk wanda ya tashi a gidan da ake aiki da ƙorai ya san ta. Ban san yadda na sauko ba.

Tsagu ne daga baki ya gangaro kamar tsawon tafin hannu. Har yau ba zan iya rantsuwa a kan abin da ya jawo shi ba. Wataƙila sanyin firji ne, wataƙila zafin fitila, wataƙila busasshiyar iskar da ke fitowa daga na'urar ɗumama ɗaki, ko duka. Na ɗauke ta na rungume, na zauna a kan akwati. Abin da nake gani kawai shi ne Gwaggo tsugune gindin Saye da roba a hannu.

Madam Kilar ta zo ta dafa ni. Ta ce, "Isufu, kada ka damu. Tiyeri yana da wani gam, in ya sa shi ko kai ba za ka gane wurin ba." Ya kawo kwalbar ya miƙo mini. Idon Gwaggo ya fara rauni, na san haka. Zan iya miƙa mata ita a haɗe in yi shiru, kuma ina jin da wuya ta gani. Na daɗe riƙe da kwalbar nan. Sai na buɗe na sansana. Wari ne mai hawa kai, kamar na esans, wato fetur. A cikin wannan ƙwarya ake tatsar nonon da jikokinta ke sha.

Na ce, "Ɗinke ta zan yi."

Tiyeri ya ce, "Za a gani."

Na ce na sani.

Matsalar ita ce ni ban taɓa ɗinka ƙwaryar da za a zuba wa abu ba. Nawa ɗinkin na kallo ne. Na sha zama gaban gyartai a kasuwa ina ganin yadda suke yi, amma gani daban. Kuma kabar da na zo da ita ta ƙare a bango. Wadda ta rage mai kyau, siririya mai ƙarfi, tana jikin aikina na farko, wanda na bari yadda yake ban warware ba, kuma shi Madam Kilar ta buga a jikin hoton tallan da aka manna a gari. Da ta ga na nufe shi da basilla ta ce, "A'a, ba wannan ba! Shi mutane za su zo nema!" Na ce ta yi haƙuri, wannan nawa ne, waccan ba tawa ba ce. Ta dube ni ta daɗe, ta juya ta fita tana magana ita kaɗai. Na warware shi. Ya bar gurbi a bangon, wanda na cike da wasu gutsattsari yadda na iya.

Na jiƙa kabar a ruwan ɗumi. Na gasa bakin basilla. Dole a fara huda ƙaramin rami daidai inda tsagun ya tsaya don kada ya ci gaba, kuma nan ne wurin da ƙwarya ke rabewa biyu in hannu ya kuskure. Na kai basillar na janye, na sake kaiwa na janye. Sai na ji Tiyeri ya jawo kujera. Ya cire safar hannunsa ya ce, "Kawo in riƙe, kai ka huda." Ya tallabe ta a cinyarsa da manyan hannuwansa har na gama. Hayaƙi ya ɗan tashi, basilla ta wuce, ƙwarya ba ta rabe ba. Na bi gefe da gefe ina hudawa ina jan kaba, ina matsewa a hankali, har bakin tsagun ya haɗu. Na shafe ɗinkin da man shanun da Tanti ta aiko.

Na gwada ta da ruwa a bayan kantin Tanti. Muka sunkuya mu biyu muna kallo. Na ga danshi a bayan ɗinkin. Tanti ta ce gumin hannuna ne, ni kuma na ce kamar yoyo ne. Muka goge muka sake, wannan karon ma ban iya tantancewa ba. Ta ce, "Kai ko an ce maka rana ta fito sai ka ce wataƙila. Ɗauke ta ka tafi."

Ranar buɗewa mutane suka cika ɗakin. Da yawa sun tsaya a kan ɗinkin, wani dattijo ma ya ce lallai hannun tsofaffin da ne, yanzu ba a samun irinsa. Ban gyara masa ba. Wani ya tambayi Madam Kilar ko ta sayarwa ce, ta ce a'a tun kafin in buɗe baki, na kuma gode mata a raina. Ni dai ina tsaye gefen ƙwaryar kamar jandarma. Wata mata ta miƙa yatsa za ta taɓa, na ce "A'a!" da ƙarfin da ya sa ɗakin ya waiwayo. An ce an yaba aikin. Ina jin haka ne, amma ban ji daɗin da ya kamata in ji ba.

Da aka rufe baje kolin na bar gutsattsarin su biyo ni a akwati, ƙwaryar kuwa na ce a hannuna za ta tafi. Ina naɗe ta a kantin Tanti sai ta riƙe mini hannu.

"Haka za ka mayar da ita? Wofi?"

Na ce ina tsoron 'yan duwan, wato kwastan, kada su ga wani abu su ƙwace ta.

"Tsohuwa ta cika maka ita da hatsi, kai ka mayar mata da iska? Wane irin lakwal kuka yi?" Ta ɗauko sukari a rufe cikin kwalinsa, da ganyen shayi, da wani kallabi mai laushi daga jakarta, ta jera a ciki. "Wannan ko shugaban duwan ba ya kama shi. Ka ce wata Bazabarma tana gaishe ta."

A cinyata ta yi tafiyar, cikin jirgin ƙasa da na sama da motar Filinge. Duk ramin da mota ta faɗa sai na ɗaga ta sama. Ban kwana a gida ba sai da na hau babur zuwa Sanam.

Na iske Saye ta haihu. Ɗan maraƙin yana ɗaure a turke, cikinsa ya yi tim, don Gwaggo ta bar masa nonon duka, ta ƙi tatsa. Tana zaune a tabarma ta hango ni.

"Mushe ya dawo da kunnuwansa! An ce sanyin can yana cinye su."

Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye ƙullin a kan tabarma. Na ce, "Gwaggo, akwai magana."

"Bari in ga abata tukuna."

Ta kwance, ta ɗaga faifai, ta leƙa. Ta ɗauki kwalin ta jijjiga. "Sukari. Har ƙasar Nasara kat tahi ka kawo min abin da ke kasuwar Sanam." Ta shafa kallabin a kumatunta. "Amma dai ba ka maido ta wohi ba. Wani ya koya maka hankali can." Na isar da gaisuwar Tanti. Ta ce, "Gerona hwa? Sun ci?"

Na ce ƙwari ne suka shiga, aka ƙone shi.

"Sun ƙone hatsi?" Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Ba su da kaji?" Na ce ban ga kaji ba sai a firji. Ta girgiza kai ta ce, "Allah shi shirye su."

Tana maganar tana juya ƙwaryar a hannu, sai yatsanta ya faɗa kan ɗinkin. Ta tsaya. Ta bi shi daga baki har ƙasa, ta sake biyowa sama. Na fara bayani, firji, fitila, iskar ɗaki, ina cewa wataƙila wannan wataƙila wancan. Ba ta ko dube ni ba. Ta kai ƙwaryar hanci ta sansana wurin, ciki da waje.

"Wa ya ɗinka?"

"Ni ne, Gwaggo."

"Ba ka sa mata maganin Nasara ba?"

"Kaba ce da man shanu."

Ta miƙe, ta ɗauki igiyar ɗaure ƙafa, ta nufi Saye. Na bi ta a baya. Ta saki maraƙin ya ɗan tsotsa, ta janye shi, ta tsuguna ta matse ƙwaryar tsakanin gwiwoyinta. Nono ya fara sauka yana ƙara a gindin ƙwarya, ƙarar tana canjawa yayin da yake hawa. Ya kai inda ɗinkin ya fara. Ya rufe shi. Kumfa ta taso har kusa da baki.

Ta tashi ta ɗaga ƙwaryar sama da kanta, ta karkata fuska tana duban ƙarƙashi. Ni ma na sunkuya. Muka tsaya haka, saniya tana kaɗa wutsiya. Ta sa tafin hannu ta shafa bayan ɗinkin, ta duba tafin, ta nuna mini. A bushe yake.

"Gyartan Bonkuku ya hi ka hannu," in ji ta. "Naka kamar sawun kaza. Amma ta riƙe." Ta miƙo mini. "Ungo, sha. Ka rame."

Na karɓa da hannu biyu na kafa kai. Nonon da ɗuminsa, da ƙamshin hayaƙi. Ina cikin sha na ji ta tana cewa, tana kwance ƙafar Saye, "In ka ƙara zuwa aro, Mushe, ko hwaihwai ba ni ba ka."